Farashin Sunan Firdaus

Akuyar ta riga ta kai bakin rumfar masu manja, da ɓarin doya a bakinta, kafin Sualihu ya gane cewa ba ita kaɗai ba ce. Yana juyowa ya tarar sauran sun bazu a rumfarsa kamar waɗanda aka gayyata walima. Biyu suna kan tulin puna, doyar da ya ware wa wani mai saye daga Kumasi. Ɗaya ta cusa kai cikin kwandon iri. Wani bunsuru mai gemu kuwa ya haye bencinsa ya tsaya, yana duban kasuwar Salaga da idon mai rumfa.

Garken Seidu ne, dillalin dabbobin da ke maƙwabtaka da shi. Ƙofar shingen a buɗe take. Igiyar da ake ɗaure ƙofar da ita tana wuyan wata yarinya 'yar shekara bakwai, ta yi sarƙa da ita, tana zaune a kan katanga tana kaɗa ƙafafu.

"Firdaus!"

Sunan ya fita kafin ya tare shi, ya kuma fita da ƙarfin da har masu kifin Makango da ke can ƙarshen layi suka ɗaga kai. Wata mai tattasai ta rufe baki da gefen mayafi. Wata kuma ba ta wahalar da kanta da rufewa ba.

"Kun ji ɗan Alhaji Mahamudu? Yau ma ya faɗa!"

Sualihu ya ji kunnuwansa sun yi zafi. A gidansu, zuriyar fataken goro da suka kafa sansani a Salaga tun kakannin kakanni, mutum ba ya kiran sunan ɗansa na fari. Ba ya ɗaukarsa a gaban mutane, ba ya yabonsa, in wani ya yabe shi ma sai uban ya kau da kai kamar zancen ɗan maƙwabci ake yi. Yawancin gidajen zango sun daɗe da sakin wannan kunyar, yadda suka saki bambancin "shi" da "ita" a magana. Gidan marigayi Alhaji Mahamudu ya riƙe duka biyun, yana kuma alfahari da su. Saboda haka Sualihu yakan ce da 'yarsa "ke", in yana zancenta kuwa ya ce "yarinyar nan". Sai in ta kai shi maƙura ne harshensa ke suɓucewa.

Yarinyar ta dube shi daga kan katanga, fuskarta ta washe da murmushi har giɓin haƙoranta ya bayyana. Wannan murmushin ya fi awakin ƙona masa rai. A ganinsa tsaurin ido ne tsagwaronsa: a daka wa yaro tsawa, shi kuwa ya yi kamar an miƙa masa alewa.

Kafin a tattara garken, sai da Sualihu ya ba Seidu haƙuri da baki, ya ba masu manja haƙuri da aljihu. Sannan ya kama hannun yarinyar ya ja ta gida, tana tsalle-tsalle a gefensa kamar mai rakiyar amarya.

A tsakar gida ya iske yayarsa Muniratu tana ɗaure kaya. Ita ce babbar 'yar Alhaji Mahamudu, 'yar kasuwar hatsi a Bawku, mace mai muryar da ba ta buƙatar maimaici. Ta zo ne bikin sunan wani ɗan dangi, ta kuma zauna har ta ga abin da ya ishe ta. Labarin awakin ya riga Sualihu shiga gida.

"Na gama magana," in ji ta, ba tare da ta ɗago ba. "Yau zan tafi da ita. Mu hau motar Yendi bayan azahar, mu kwana can, gobe mu kama hanyar Bawku. In ta shekara biyu a hannuna, ko kaza ba za ta iya kora ba sai ta nemi izini."

"Yaya, ai ƙuruciya ce…"

"Ƙuruciya ce ta zuba gishiri a tulun masallaci? Ƙuruciya ce ta aske wa kyanwar liman rabin kai? Ni ma shekarata bakwai aka sa ni a mota aka kai ni wurin gwaggo. Ga ni. Me na rasa?"

Sualihu ya dubi zobban zinaren da ke hannunta. Abin da ke ransa bai wuce kalmomi biyar ba: kada a tafi da ita. Amma uban da zai buɗe baki ya roƙi yayarsa a bar masa 'yar fari, ai ya tsaya ke nan a tsakiyar gida ya yi shelar yana son yarinyar, abin da ubansa da kakansa suka mutu ba su yi ba.

Matarsa Alimatu ta fito daga madafa da jariri Sherif a goye. Ta tsaya kusa da shi, ta sassauta murya.

"Baban Sherif, yau ne zaman maza. Madam Asiatu ta ce ko sau ɗaya ne ka leƙa."

Makonni ke nan Alimatu tana zuwa wani zama da ake yi a makarantar firamare, inda ake koya wa iyaye yadda za su bi da yaran da suka gagara. Abin da ya fi ba Sualihu haushi shi ne zaman yana aiki, amma rabi. A gaban uwarta yarinyar ta soma wanke kwano, ta daina mintsinin jariri. Sai ta hango ubanta ne aljanunta ke tashi. Sualihu ya daɗe yana juya wannan a ransa, bai sami wata fassara ba illa cewa 'yarsa ta raina shi.

"Yanzu har tarbiyya sai an je makaranta?" in ji Muniratu. "Ko nawa ake kashewa a wannan shirme? Ni kyauta zan gyara ta. Tsumagiya a bayan gida take tsirowa, ba a sayo ta daga Akara."

"Yaya, bari dai ya je," in ji Alimatu. "Motar ai ba yanzu ba ce."

Sualihu ya ɗauki hularsa ya fita. Ba don ya yarda da zaman ya tafi ba. Ya tafi ne don kada ya tsaya yana kallon ana ninke kayan yarinyar cikin jaka.

Maza kaɗan ne a ajin, kowa ya matse a kujerar 'yan aji ɗaya, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa. Akwai dalilin ƙarancinsu. Ranar da aka yi shelar shirin a lasifikar unguwa, mai shelar ya ce za a yi "horon iyaye" saboda rashin jin yara. Mata suka fahimci koyarwa ake nufi. Maza kuwa suka fahimci horo irin wanda suka sani, wato tara ko bulala, kowa ya tuna yana da aiki a gona.

Mikaila mai gyaran babur ne ya matsa masa wuri. Bagwanje ne, abokin Sualihu tun suna yara, yana kuma magana da Hausar zango wadda ba ruwanta da mace ko namiji.

"Kai ma sun kama ka?" ya raɗa masa. "Ni wando biyu na sa. Mata na ya ce ba a duka, amma ban yarda da shi ba."

"Ita," in ji Sualihu, bisa al'ada.

"Shi ɗin dai. Na ji yarinya naka ya buɗe wa Seidu kanti yau."

Madam Asiatu ma'aikaciyar jinya ce daga Yendi, mace gajera mai tabarau, wadda ke zuwa a kan babur da jaka a goye. Ta gaishe su da Hausa, ta gaishe su da Gwanjanci, ta ƙara da Dagbanci don kada wani ya ce an bar shi a baya. Sannan ta raba ruwan leda.

"Madam, ina biskit?" in ji wani tela daga baya. "Matanmu sun ce ana ba da biskit da lemo."

"An yi a da," in ji ta. "Masu biyan kuɗin shirin suna aunawa yanzu, ko abin da ake kashewa ya cancanci abin da ake samu. Da aka zo rage kaya, biskit ne ya fara sauka daga mota."

Wannan ne zance na farko da Sualihu ya ji ya shiga fagensa. Ya gyara zama, iyakar abin da kujerar ta yarda.

"To Madam, tunda kin kawo zancen awo, bari in tambaya a matsayin ɗan kasuwa. Ana biyan ki. Ana zuba wa babur mai daga Yendi. Ni na rufe rumfa na zo, mai sayen doyata yana can yana zagayen wasu. Duk wannan asara ce da ake gani. Ina ribar? Ga tsumagiya kyauta. Ga dangi da za su riƙe yaro kyauta. Ban taɓa jin ɗan kasuwa ya bar kyauta ya bi na kuɗi ba."

"Gaskiya ne!" in ji telan, wanda har yanzu zancen biskit bai bar shi ba.

Asiatu ba ta yi fushi ba. Ta cire tabarau ta goge da gefen riga.

"Tsumagiyar ka gwada ta?"

"Na gwada."

"Yaushe rabon da ta yi aiki?"

"Tana aiki," in ji Sualihu. "Har zuwa la'asar."

Aka yi dariya, ita ma ta yi.

"Ba zan yi maka alkawarin ƙarya ba, Malam Sualihu. Akwai yaran da wannan hanya ke gyarawa, akwai waɗanda sai an haɗa da wani abu. Lissafin da masu kuɗi ke yi na gari ne duka: in an koya wa iyaye yanzu, nawa za a huta da biya nan gaba, na yaran da aka kora daga makaranta, na ɓarna, na zuwa ofishin 'yan sanda. Wannan lissafinsu ne, kuma a kansa aikina yake rataye. Naka lissafin kai za ka yi, don kai ka san abin da kake biya. Yanzu tashi mu gwada kayan, ai ba a sayen doya a cikin buhu."

Ta ce darasin yau ƙarami ne. Uba zai kama ɗansa yana yin abin kirki, ko da zaman shiru ne, ya kira sunansa, ya dube shi, ya faɗa masa abin da ya yi daidai. Ta nemi wanda zai zama yaro. Mikaila ya miƙe tun kafin ta rufe baki, ya ɗaura mayafin teburin malami a kansa, ya tsuguna a gaban allo yana wanke kwanon da babu shi.

"Ga Firdaus tana wanke-wanke," in ji Asiatu. "Bismilla."

Sualihu ya tsaya a kan abokinsa. Ya gyara murya.

"Ke."

Mikaila ya ci gaba da wanke iska.

"Ke, da ke nake."

"Baba, wane ke?" in ji Mikaila da siririyar murya. "Ke yana da yawa a gida. Mama ke ne. Akuya ma ke ne."

Ajin ya kece. Telan har da buga tebur.

"Sunanta za ka kira," in ji Asiatu.

"Madam, ba zai yiwu ba. 'Yar fari ce."

Asiatu ta dube shi. Ta san al'adar, ta gan ta a wasu tsofaffin gidaje, amma ba ta zaci za ta same ta a bakin mutumin da ke karɓar kuɗin doya ta waya ba.

"Ban ce ka zubar da abin gidanku ba," ta ce a hankali. "Amma ka ce mini, tun da aka haife ta ba ka taɓa faɗa ba?"

"Ba a faɗa."

"Ƙarya ne, Madam!" Mikaila ya yaye mayafin ya miƙe. "Yana faɗa! Ni da kunne nawa na ji. Ranar da yarinya ya zuba yashi a tankin babur nawa, ya faɗa. Ranar gishiri na masallaci, ya faɗa har ladan ya tsaya da kiran salla. Yau kuma duk kasuwa ya ji, har mutanen Kpandai suna tambaya ko sabon irin doya ne ake talla."

"Wannan ai fushi ne," in ji Sualihu. "Ba ya cikin lissafi."

"A lissafinka," in ji Asiatu. Ta mayar da tabaranta. Ta juya ta kira telan ya zo ya gwada nasa.

Sualihu bai jira ƙarshen zaman ba. Ya sulale ya fita lokacin da telan ke ƙoƙarin yabon Mikaila a kan cin tuwo ba tare da ɓata riga ba.

Ya bi ta hanyar tsofaffin rijiyoyi, wadda ta fi nisa, domin ƙafafunsa ba sa son isa tasha. Shi mutum ne da ba ya iya tunani sai da ma'auni, don haka ya soma jera abubuwan a ransa yadda yake jera doya, manya a ƙasa, ƙanana a sama. Ranar da ta fasa madubin uwarta, bai ce komai ba sai "ke". Ranar da ta ɓoye takalminsa ɗaya, "ke". Ranar kyanwar liman ma "ke" ce, ko da yake mai ƙarfi. Sai a yashin tankin babur ne sunan ya fito. Daga ranar kuwa ba ta sake yin ƙaramar ɓarna a gabansa ba. Ta bar madubi da takalmi kwata-kwata, kamar mai sayen da ya gane cewa ƙananan kuɗi ba sa sayen abin da yake so.

Ya tsaya cak a gefen wata rijiya da ciyawa ta rufe bakinta.

Ashe ciniki suke yi shi da yarinyar nan, shi ne kuma bai sani ba. Yana da kaya guda ɗaya da take so a rumfarsa, ya ɓoye shi a ƙarƙashin benci, ya tsawwala masa farashi. Ita kuwa, 'yar ɗan kasuwa jikar fatake, ta yi ta tayi har ta gano kuɗinsa. Kuɗinsa garken awaki ne. Ta biya, aka miƙo mata, ta yi murmushin wanda ciniki ya faɗa wa daidai. Abin takaicin ma shi ne daga aljihunsa ake fitar da kuɗin da take saye da su. A duk tarihin kasuwar Salaga bai ji labarin ɗan kasuwar da ya yi wauta irin wannan ba.

Ya so ya yi dariya, amma wani abu ya tare ta. Ya tuna shi kansa bai taɓa ɗaukar sunansa a bakin ubansa a matsayin wani abu ba. Sualihu kawo buta, Sualihu rufe ƙofa, Sualihu ina canjin. Kamar ruwan randa yake, ana sha ba a godiya, domin shi na uku ne a gidan. Sai ya tuna ciwon ajalin Alhaji, lokacin da tsohon ke buɗe ido duk bayan ɗan lokaci yana duban ƙofa. "Ta Bawku ta iso?" Haka yake tambaya. Da Muniratu ta iso ta durƙusa a gabansa, ya dube ta ya daɗe, leɓunansa suka motsa, sannan ya ce, "Kin zo." A lokacin Sualihu ya ga abin ya yi kyau, ya ga dattako. Yanzu da yake tsaye a bakin rijiya, bai tabbata ba ko tsohon riƙe al'ada ya yi, ko kuwa ya nemi sunan ne ya tarar ƙofar ta yi tsatsa.

Kiran sallar azahar ya same shi a hanya. Ya yi salla a masallacin bakin tasha, ya daɗe a zaune bayan sallama, har mai shara ya soma zagaye shi da tsintsiya.

Motar Yendi ta cika, an ɗaure kaya a sama, amma ba ta tashi ba. Direban, wani ƙato mai tawul a wuya, yana ta zazzage aljihunsa yana leƙa ƙarƙashin kujera, fasinjoji kuma suna ba shi shawarwari da harsuna huɗu.

"A nan na ajiye shi! A nan, kan kujera! Na je in sha koko kawai!"

"Ka duba cikin kokon," in ji wata tsohuwa.

Makullin mota ne ya ɓace. Sualihu bai kula ba. Idonsa yana kan tagar baya, inda Firdaus ke zaune cikin rigarta ta salla, an shafa mata mai, an ɗaure mata kallabi. Hannuwanta biyu suna kan cinyarta, a dunƙule. Bai taɓa ganin ta zauna shiru haka ba. Muniratu tana gefenta da jaka a kan gwiwa. Alimatu tana tsaye a inuwar rumfar mai burodi, tana jijjiga Sherif da ƙarfin da ya wuce bukatar jaririn, ta ƙi duban motar.

Sualihu ya matsa jikin tagar. Ya buɗe baki, abin da ya fito tari ne. Mai burodi ta miƙo masa ruwa, ya girgiza kai. Ya dubi hagu, ya ga Seidu dillali. Ya dubi dama, ya ga mai tattasan nan ta safe, wadda ko me ya kawo ta tasha oho. Kamar dukan Salaga ta bar aikinta ta zo.

"Firdaus."

A hankali ya faɗa, ba tsawa, kamar mai ɗaukar ƙwai. Sunan ya yi masa wani iri a baki. Bai san yana da taushi haka ba, don bai taɓa furta shi ba sai da jijiyar wuya a tashe.

Yarinyar ta juyo a firgice. Ba ta yi murmushi ba. Ta dubi fuskarsa, ta dubi hannunsa ko akwai tsumagiya.

"Me na yi?"

"Ba ki yi komai ba."

"To me ya sa ka kira ni?"

Ya nemi abin da Madam Asiatu ta ce a faɗa. "Na ga kin zauna shiru. Kin… zaman ya yi kyau."

"Sualihu!" Muniratu ta leƙo ta kan yarinyar. "A tasha? A gaban mutane? Ina kunyar gidanmu?"

"Tana nan, Yaya. Na ɗan taɓa kaɗan ne daga ciki." Tunda ƙofar ta buɗe, sauran ya fi sauƙin fitowa. "Ki yi haƙuri ki bar mini ita. Ban gama gwada wani abu ba. In ya ƙi, ni da kaina zan kawo miki ita har Bawku."

Ya jira tsawa. Muniratu ta dube shi, ta dubi yarinyar, sannan ta juya kai ta dubi can gaba, wajen hanyar da ta fita gari. Ta daɗe a haka. Ta murza zoben da ke yatsanta.

"Alhaji da ya ji ka, da ya tsine maka," ta ce, amma muryar ba ta kai ko rabin ta safe ba. Ta sake duban yarinyar. "Haka ake faɗarsa ashe. Ba ihu."

"Haka aka ce mu gwada, Yaya."

"To." Ta ja hanci, ta gyara jakarta da ƙarfi. "Kujerar nan na riga na biya, kuma ba zan bar wa direba ita ba. Ka aika a kawo mini puna mai kyau ta zauna a wurin. Ba wadda awaki suka ɗanɗana ba."

Aka buɗe ƙofa, Firdaus ta sauko, har yanzu hannunta na dama a dunƙule. Alimatu ta taho da sauri ta tsaya, ba ta san wanda za ta fara duba ba. Yarinyar kuwa ubanta take kallo, da idon mai sayen da aka yi wa rangwamen da ya yi yawa har ya soma zargin kayan.

"Baba, da gaske ban yi komai ba ka kira?"

"Da gaske. Kyauta ne."

Ta yi nazari. Sannan ta buɗe hannunta. Makullin mota ne a ciki, da ɗan guntun fata a jikinsa, ya jiƙe da gumi.

"To ga wannan. Da sai an jima zan nuna maka."

Sualihu ya ji sunan ya taso masa daga ciki da dukan tsohon ƙarfinsa, ya cika masa ƙirji, ya iso maƙogwaro. Ya ga idon yarinyar ya soma haske, tana jira. Ya datse haƙora ya haɗiye shi, har sai da idonsa ya kawo ruwa. Ya karɓi makullin, ya taka wurin direba.

"Ga shi. A ƙasa aka… a hannu aka same shi."

Direban ya dubi makullin, ya dubi yarinyar, ya buɗe baki. Muniratu ta leƙo ta taga.

"Malam, ka samu ko ba ka samu ba? Ka tsaya kallon 'yar mutane. Doyata kawai za mu jira."

A hanyar komawa kasuwa, Alimatu tana gaba da jariri, uban da 'yar suna baya. Mai tattasai ta bi su da ido, Sualihu ya san kafin magariba labarin zai kai garin Makango da ke bakin tafki, ya haye ruwa. Ya tarar abin bai dame shi yadda ya zata ba, ko da yake ya dame shi. Da suka zo daidai shingen Seidu, ya ga an ɗaure ƙofar da sabuwar igiya, ƙulli uku. Yarinyar ta rage tafiya tana duban ƙullin da idon masani.

"Firdaus," ya ce da sauri, ƙasa-ƙasa. "Kin kyauta da kika mayar da makullin."

Ta ɗauke ido daga igiyar. Ta sa hannunta cikin nasa, abin da ba ta taɓa yi ba sai in jan ta ake yi. Suka yi 'yan taku.

"Baba, gobe ma kyauta ne?"

Sualihu ya dubi rumfarsa daga nesa, inda mutumin Kumasi ke tsaye yana juya wata doya mai shaidar haƙori.

"Ki zo da wuri," ya ce. "Mu ga yadda kasuwa za ta buɗe."